Hadarin da ba ya saɓa lokaci

Na sauka Darwin, a arewacin Ostareliya, cikin watan Nuwamba, garin yana jiran ruwan fari. Zafin kamar na bazararmu ne, sai dai shi jiƙaƙƙe ne: ka yi wanka, kafin ka ɓalla maɓallin riga zufa ta sake wanke ka.

Da la'asar mai masaukina ya kai ni bakin teku, ya nuna arewa. Can wajen tsibiran Tiwi, kimanin kilomita 80 daga gari, wani farin gajimare na tasowa kamar tarin auduga, yana kumbura ina kallo. Ya ce sunansa Hekta. Ashe daga Satumba zuwa Maris kusan kullum sai ya haɗu, wajen ƙarfe uku, har matuƙan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa gane hanya da shi. Su suka raɗa masa sunan.

Duk wadda ta taɓa tsayawa kan tukunya ta san sirrinsa: ruwan gindi ya yi zafi ya hau, na sama ya sauko. Rana tana gasa tsibiran fiye da teku, iskar kansu ta tashi, iska mai laima ta kwararo daga ruwa ta kowane gefe. In suka yi karo a tsakiya, ina za su in ba sama ba? Can tururin ya koma ɗigon ruwa, ya saki zafin da ya ɗauko daga teku, zafin ya ƙara ingiza hadarin, wani lokaci har kusan kilomita 20. Da magariba kansa ya baje kamar faifai, walƙiya na wasa a cikinsa, amma ko tsawa ba ma ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda iskar ke zuwa bayan ta zubar da ruwanta. Tun 1735 wani lauya ɗan Ingila, George Hadley, ya fara hasashen wannan zagaye. Iskar da ta hau a tsakiyar duniya tana sauka busasshiya wajen digiri 30 arewa da kudu, kuma nan hamada take: tsakiyar Ostareliya, da Sahara. Ɗamarar hadarin da ke zagaye tsakiyar duniya kuwa rana take bi. In ta yi kudu mutanen Darwin su yi damina, in ta dawo arewa mu ɗauki fartanya.

Daren nan na kira Kano. Ƙanwata ta ce, "Yaya, hunturu ya fara, leɓunan yara duk sun tsage." Ni kuwa ina zaune ƙarƙashin fanka, rigata ta manne a baya.