Ranar da Dutsen Kufena ya sauke mini girman kai

Ƙannena ɗalibai, duk wanda ya tashi a Sakkwato kamar ni ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. In ka tsaya bakin gadar Rima a hanyar jami'a, idonka zai yi ta tafiya kan fadama har ya gaji. Duwatsun da muka sani su ne jan marmara da farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi. Malaminmu na labarin ƙasa ya taɓa gaya mana cewa wannan farin dutsen a ƙasan wani tsohon teku ya taru, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Ni dai har na shiga jami'a ban taɓa hawa abin da ya fi bene tsawo ba.

A hutun hunturun bara na tafi Zariya wurin ɗan kawuna da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Tafiyar ta kusa kilomita 400, ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa. Muna wuce Gusau na ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, na saki baki har na kusa da ni a mota ya yi dariya. Da na ba Yaya labari sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, ranar Asabar za mu hau Kufena."

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. Irin dutsen nan ne mai tsananin tauri da masana ke kira giranit, wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali can cikin ƙasa, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe shi, shi kuwa ya ƙi ciyuwa, ya rage a tsaye shi kaɗai. Jamusawa sun raɗa wa irinsa suna inselbag, wato dutsen tsibiri. Da na hango shi tsakiyar gonakin da aka girbe, na ga sunan ya dace: kamar tsibiri yake a tsakiyar ruwa.

Mu biyar muka isa gindinsa wajen ƙarfe tara na safe. Yaya ya kalli ƙafata ya ce, "Da silifas za ka hau?" Na ce ai ni ɗan ƙwallo ne. Ya nuna hanyar da mutane ke bi, wadda ke zagayawa ta tsakanin manyan duwatsu da ƙananan itatuwa. Ni kuwa na ga wani falale ya miƙe sumul zuwa sama, na ce ga hanya kusa, me zai sa in yi zagaye? Kafin ya rufe baki na yi gaba.

Da farko abin ya yi daɗi. Ina hawa da hannu da ƙafa, ina waiwayen su ina tsokana. Can sai falalen ya ƙara miƙewa. Na kama wani ɓawon dutse da niyyar jan jikina, sai ya ɓalle a hannuna. Ashe zafin rana da sanyin dare, tare da ruwan da ke shiga tsaguwa, suna sa fatar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Silifas ɗina na hagu ya sulɓe, ina jin ƙararsa yana gangarawa har ya yi shiru.

Nan na manne. Sama babu abin kamawa, ƙasa kuwa ko kallo ba na iyawa. Gwiwoyina suka ɗauki rawa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Na tuna ban ma gaya wa Inna zan hau dutse ba. Duk addu'ar da na sani sai da na karanto ta.

Wanda Allah ya turo mini wani yaro ne mai kiwon awaki, bai wuce shekara goma sha biyu ba. Daga gefe ya leƙo ya ce, "Yaya, cire ɗaya takalmin. Ka daina rungumar dutsen, ɗaga cikinka, ka taka da tafin ƙafa duka." Na ce zan faɗi. Ya ce, "In ka kwanta a kai ne za ka zame." Na yi yadda ya ce. Ga mamakina, ƙafata ta kama kaushin dutsen gam. Ya yi ta nuna mini wata tsaguwa da ta ratsa gefe, taku ɗaya bayan ɗaya, har na fito kan hanyar da na raina. Yaya na nan tsaye, fuska ba annuri. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sha ruwa."

Na ƙarasa hawan ba takalmi, a bayan kowa. A can sama iska na kaɗawa, hazon hunturu ya lulluɓe gari, amma muna hango rufin gidajen Wusasa da birnin Zariya. Yaya ya nuna mini wani dogon tudu da ya ratsa cikin gonaki, ya ce ragowar tsohuwar ganuwa ce. Tarihin Zazzau ya nuna cewa masu sarauta sun zauna a Turunku, sannan a Kufena, kafin birnin na yanzu ya kafu. Daga sama ne na gane dalili. Mai tsaye a nan zai hangi ƙurar mahara tun suna nesa, ga maɓoya tsakanin duwatsu, ga ƙasar noma a gindi. Abin da na haddace don jarrabawa, ranar nan na gan shi da idona.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin nauyin jiki duk a gwiwa yake komawa. Mun sauko kafin azahar, dutsen ya fara ƙona mini tafin ƙafa.

In dama ta samu, ku je ku ga irin waɗannan wurare, ko Kufena ko Dala ta Kano. Amma ku nemi izinin iyaye, ku tambayi mutanen wurin halin tsaro kafin ku tashi, ku tafi a ƙungiya tare da malami ko wani babba. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku ɗauki ruwa, ku fara da sassafe, kuma kada ku hau bayan an yi ruwan sama, don jiƙaƙƙen falale santsi gare shi. Sannan ku bi wanda ya san hanya ko da kun girme shi, da ɗan gari akan ci gari.

Silifas ɗina na dama yana nan a ɗakina a Sakkwato. Na hagun kuwa na bar wa Kufena.