Ruwan sama ne, ko maciji?

'Yan'uwa, a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya, daga kudancin Meziko har Fanama, akwai wani ɗan kwaɗo kore mai jajayen idanu da yake zama a kan itace. Da rana yana liƙe a bayan ganye yana barci, ya rufe idanun nan, ya ɓoye ƙafafunsa masu launin lemo. Sai dare yake fita neman ƙwari.

Ƙwansa ne ya tsaya mana a rai. Macen tana zuba su a kan ganyen da ya rataya bisa tafki. Bayan kamar kwana 6 ko 7 sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su faɗa ruwa. Wata masaniya, Karen Warkentin, ta nuna a 1995 cewa idan maciji ya fara cin ƙwan, sauran sukan fasa su fito nan take, ko da saura kwana biyu lokacinsu ya yi. Amma ruwan sama mai ƙarfi ma yana girgiza ganyen, kuma galibi ba sa fita. Tun suna cikin ƙwai Ubangiji ya ba su bambance girgiza da girgiza. Fita da wuri kuwa ba kyauta ba ce: wanda ya faɗa ruwa bai ƙosa ba, kifi ya fi saurin kama shi.

Yusufu ya gudu daga matar Fotifar, ya bar rigarsa, gudun ya kai shi kurkuku (Farawa 39). Bulus da Sila kuma, da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofin kurkuku a Filibi, suka zauna, mai gadin ya sami ceto (Ayyukan Manzanni 16). Dukansu sun yi daidai.

A nan ne mu fastoci muke tuntuɓe. "Yi haƙuri" ta zauna mana a baki. Wata rana wata 'yar'uwa daga zumuntar matasa ta ce mana tana so ta bar gidan da take aiki. Ba mu tambaye ta dalili sosai ba. Muka ce gwaji ne, muka yi addu'a, muka sallame ta. Sai bayan watanni muka ji abin da maigidan yake nema a wurinta. Ta riga ta tattara kayanta ta tafi ba da shawararmu ba, mun kuma gode wa Allah da ba ta saurare mu ba. Mun je gidansu mun nemi gafararta. Ta gafarta, amma har yau ba ta sāke kawo mana wata damuwa ba.