Toka, ɓawon ƙwai da man injin niƙa

Mu da ke riƙe da injin niƙa a Kumasi, kuɗin man dizal ne ke cinye rabin guminmu. Shi ya sa na shiga gwajin mayar da tsohon man suya, irin wanda masu ƙosai ke zubarwa, ya zama man inji.

Haɗin ba wuya a baki. Lita ɗaya ta mai, kashi ɗaya cikin biyar na lita na metanol, sai sodar sabulu kamar giram 3.5 in man sabo ne. Tsohon mai ya fi haka ci. A ɗumama zuwa digiri 55, a juya kamar awa ɗaya, a bar shi ya kwana. Gilisarin ya kwanta ƙasa, man inji ya taso. Aikin sodar zuga ne kawai, ita ke sa man da metanol su ci juna.

Yanzu ana ta neman abin da zai maye gurbinta. Na fara da tokar ɓawon agade da kwasfar koko, wadda ake yin sabulun salo da ita, don tana da kaifi. To amma fa, tokar da ta san hanyar sabulu ba ta mantuwa. Ɗigon ruwa kaɗan a cikin man, ko man da ya sha suya har ya yi tsami, sai ka wayi gari da kunun sabulu a kwalba. Uwargida ta ce ko ba komai an rage mata kuɗin wanki.

Ɓawon ƙwai kuwa sai ya sha wuta ta digiri 800 zuwa 900 kafin ya yi aiki. Kurfoti ba ya riƙe wannan zafin, sai maƙera. Kuma da ka fito da hodar, laimar Kumasi ta fara kashe ta.

A ganina ana wahala ne a kan abin da ya fi araha. Metanol ke cin kuɗi, shi ne kuma guba: kurɓa kaɗan na makantar da mutum, ga shi fari tas kamar ruwa. Nawa yana shago a kulle, ba ya shiga gidan da yara ke ɗaukar kowace gora su kai baki. Gwajin toka ina nan ina yi a kwalbar rabin lita. Injin da ke ciyar da mutum tara kuwa, man da soda ta haɗa, aka wanke, aka busar, shi kaɗai nake zuba masa.