Na Je Likoro da Kyamara Uku Don Hoton Iya

Kun saba ji na da maganar rigakafi da zazzaɓin yara, to yau kam na ajiye allura. Shawara ce ta kuɗi ta hana ni sakat wata uku, sai da na yi tattaki zuwa garin kakata kafin na yanke ta. Na san cikinku akwai mai irin wannan tunanin, ko a kan kyamara ko a kan sabuwar waya, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Ina da tsohuwar kyamara, Canon 600D, wadda kamfanin ya fitar tun 2011. Ta hannu na saya a Kano da ɗaukar adashena ta farko bayan na fara aiki. Da ita na ɗauki sunan 'ya'yana uku. Sai kwanaki ƙanin mijina, wanda ɗaukar hoton biki ce sana'arsa, ya zo gidanmu da Canon R10, fitowar 2022. Ba ta kai manyan na ƙwararru ba, ta kuma wuce na 'yan koyo. Na riƙe ta, na leƙa, sai na ji tawa ta fice mini a rai. Da na tambayi farashi jikina ya yi sanyi: sa'ad da ta fito, ita da gilashinta sun haura dala 1,000. Ki lissafa da canjin da ya biyo bayan sakin naira a 2023, za ki ga ana maganar abin da ya wuce naira miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Ga kuɗin makarantar yara, ga buhun masara. Duk da haka zuciya ta ƙi haƙura.

Dalilina kuwa Iya ce, mahaifiyar babata. Tana Likoro, ta tsufa ƙwarai, ba ta cika fita daga ɗaki ba. A wurin aiki ina ganin yadda tsoho ke kwana lafiya ya tashi wani iri, don haka ba na yaudarar kaina da cewa akwai sauran lokaci mai yawa. Duk hotunanta da ke wayata duhu ne da dishi-dishi. Na riƙa ce wa kaina, da ina da sabuwar nan da na samu hoton da jikokina za su gani su san ta. Maigidana ya ce, "To ki ara ki gwada mana, gani ya kori ji." Haka aka yi. Na samu hutun kwana biyu bayan aikin dare, na zuba kyamarar aro da tawa a jaka, ga waya a hannu, na kama yara muka ɗauki hanya.

Ga wadda ba ta san wajen ba, Likoro tsohon gari ne na ƙasar Zazzau, a ƙaramar hukumar Kudan mai hedikwata a Hunƙuyi, arewa da Zariya, kuma tafiyar ba ta da nisa. Yankin nan, haɗe da Maƙarfi da Ikara, ƙasar noma ce: masara, dawa, tumatir, barkono, uwa uba rake. Kudan ma ta yi suna da noman inabi, abin da mutane da yawa ba sa yarda sai sun gani da ido. In kika bi yankin da hunturu, ba sai an gaya miki lokacin saran rake ne ba. Motoci ne shaƙe da shi, babura ɗauke da dami har ba a ganin mai tuƙi, yara kowa da guntu a baki, ɓawo ko'ina a bakin hanya. Hazo ya rufe sama, rana ta zama kamar faifai, kina iya kallonta ido da ido.

Gwajin farko a fadama na yi shi, washegari da hantsi. Kawu ya kai mu inda ake dafa mazarƙwaila. Inji na matse rake, ruwan na gangarowa, ana tafasa shi a manyan kasake, abin da aka matse ya bushe shi ne makamashin wutar. Wani dattijo na juyawa da doguwar muciya har ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sa ki manta da abin da ya kawo ki. Na nemi izini, suka ce bismillah, na ɗauka da duka ukun. Da dare na tura su cikin waya ɗaya na miƙa wa matar Kawu, na ce ta nuna mini na kyamarar miliyan. Ta duba, ta sake dubawa, ta zaɓi na waya! Gaskiyarta ce. In akwai haske sosai, kuma a fuskar waya za a kalla, bambancin ba ya fitowa. Tawa megafiksel 18 ce, sabuwar 24, amma da zarar kin tura hoto ta WhatsApp yadda muka saba, sai ya matse shi ya rage masa nauyi, yawancin abin da kika biya kuɗi dominsa ya tafi. Shi ya sa kasuwar kyamara ta faɗi a duniya: a 2010 kamfanoni sun fitar da sama da miliyan 120, yanzu ba sa kai miliyan 10 a shekara. Waya ta cinye kasuwar.

Wani abu kuma da fadamar ta koya mini: kada ki kuskura ki cire gilashin kyamara a fili lokacin hunturu. Sababbin nan ba su da madubi a ciki kamar tsofaffin, don haka farantin da ke karɓar haske a buɗe yake da zarar kin cire. Ƙura ɗaya ta sauka a kai, sai ki riƙa ganin ɗigo a kowane hoto. Mai kayan ya ja mini kunne tun a gida, na kuwa kiyaye, don ba ni da abin biya.

Gwaji na biyu da la'asar ne, a ƙofar gida. Yara sun taru suna langa, wasu na tura garegare, autana na bin ɗan akuya. A nan dole in faɗi gaskiya, sabuwar ta yi wa sauran fintinkau. Tana gane idon mutum ta liƙe masa duk inda ya yi, tana gane dabba ma, kuma tana iya ɗaukar hoto 15 cikin daƙiƙa ɗaya. Na samu autana a sama, ƙafafu biyu sun bar ƙasa, baki buɗe da dariya, komai tar. Tawa kafin ta daidaita yaro ya wuce. Cikin goma da ƙyar uku suka yi kyau. Waya kuwa ƙafafun yaran suka zama hayaƙi. A daren nan na kwanta ina lissafin abin da zan sayar.

Sai gwaji na uku, wanda shi ne ya kawo ni. Ɗakin Iya na ƙasa ne, taga ɗaya 'yar ƙarama can sama, ga jeren kwanoninta na tun aure a bango. Na shiga da sallama na durƙusa.

"Kishiya, yau kuma da me kika zo mini? Bindiga ce?"

"Hoto zan ɗauke ki, Iya."

"Ni da na gama yayi? Ki ɗauki mijina dai, ga shi nan," ta ce tana jawo autana jikinta.

Na fara da waya. Ta haska ɗakin da dabararta ta dare, amma ta goge fuskar Iya sumul kamar ta 'yar tsana. Tsagen da ke kumatunta ya ɓace, layukan goshinta suka tafi. Wannan ba Iyata ba ce. Na ɗauko sabuwar. Ta fi, babu musu, amma gilashin da ake haɗowa da ita ƙaramar ƙofa gare shi, haske kaɗan yake shigarwa, sai hoton ya fito da yashi-yashi. Tawa kuwa ta yi ta kai da komo ta kasa gane inda fuskar take. Na zauna bakin gado raina a jagule. Ga kayan miliyan a hannuna, ga Iya, ga duhu.

Matar Kawu ce ta leƙo ta ce, "Wai me zai hana ku fito da ita bakin ƙofa? Ai ta kwana biyu ba ta sha hantsi ba." Muka shimfiɗa tabarma daidai dokin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe ba rana kai tsaye ba. Iya ta sa aka ɗauko mata farin mayafinta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta riƙe carbinta. Na ɗaga tsohuwar kyamarata, wadda na raina, na danna sau huɗu. 'Yar uwa, da na duba sai da na juya baya don kada ta ga idona. Ga tsagen, ga furfurar da ta leƙo, ga wannan kallon nata na mai shirin tsokana. Na ɗauka da sabuwar ma a wurin, ya yi kyau ƙwarai. Na ajiye su gefe da gefe, ban ga bambancin miliyan ɗaya ba. Ashe taku uku ne tsakanina da hoton da nake nema.

Da ta ga kanta, Iya ta yi shiru, sannan ta ce a jawo mata akwatinta na ƙarƙashin gado. Cikin wani ƙyalle ta warware ɗan hoto baƙi da fari, bai kai tafin hannun jariri ba, gefensa ya cinye. Kakanmu ne, hoton fasfo da ya ɗauka zai tafi Makka. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, kuma duk zuriyarmu da shi muka san fuskarsa. Nan na tuna wayata da ta faɗa ruwa shekara biyu da suka wuce, ta tafi da hotuna sama da dubu, har da na ranar da 'yata ta fari ta fara tafiya. Ko ɗaya ban wanke ba. Ɗan ƙyallen Iya ya riƙe abin da wayata ta kasa riƙewa.

To ga abin da na yanke. Na mayar wa mai kaya kayansa da godiya, ban saya ba. A madadin haka na nemi gilashi ɗaya na hannu, wanda ake kira 50mm f/1.8. Sa'ad da ya fito, sabonsa ma bai kai dala 150 ba, kuma yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ya zo da kyamarata in an jawo shi ƙarshe, don haka ko a ɗaki yana fitar da fuska. Na sayi ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya, tunda tawa ba ta tura hoto da kanta. Sannan na je shagon hoto a Zariya na wanke guda 40, na sa na Iya a firem biyu, ɗaya nata ɗaya na babata.

Ba cewa nake sabuwar ba ta da amfani ba. In hoto sana'arki ce, kina ɗaukar kamu da walima a cikin mata inda maza ba sa shiga, ko kina bidiyon girki ko kayan sayarwa, to saurinta zai biya kuɗin sabulu, ki saya in da hali. In kuwa irina ce ke, yara da dangi kawai, riƙe abin da ke hannunki. Goge idon wayar da gefen mayafi kafin ki ɗauka. Kawo mutum kusa da ƙofa ko taga, hasken ya zo ta gefensa. Kashe abin gyaran fuska in tsoho za ki ɗauka. In za ki tura wa 'yan uwa hoton da kike so a wanke, tura shi a matsayin fayil don kada ya matse. Kuma ki nemi izini. A gidan Kawu akwai wadda ta ce ba ta so, na sauke kyamara ban ja ba. Waɗanda suka yarda ma na yi musu alkawarin ba za su ga kansu a Facebook ba.

Ranar da na koma da firem ɗin, Iya ta sa aka rataye shi saman jeren kwanoninta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kishiya, ashe dai na fi ki kyau." Na ce ban musa ba.

Ke fa 'yar uwa, akwai tsohuwa ko tsoho a gidanku da ba ki da hotonsa na kirki? Kada ki jira sai kin canza waya. Wannan Juma'ar ma ta isa. Allah Ya ja kwanan iyayenmu cikin lafiya, waɗanda suka riga mu Ya jiƙansu da rahama.