Taransifomar Da Ta Kusa Ƙona Min Ɗaki

Kwanaki na ciro wata ƙaramar taransifoma daga tsohuwar rediyon babana, wayoyi biyar, babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Gaggawa ta sa na kama masu kauri guda biyu na soka a soket, wai a tunanina mai kauri ce ke ɗaukar wutar gida. Fau! Fiyus ya ƙone, ɗaki ya cika da ƙauri, Allah dai ya tsare.

Ashe juya ta na yi. Ɓangaren shigar wuta siririyar waya ce aka naɗa da yawa, shi ya sa idan ka sa mita a kan ohm zai nuna maka ɗaruruwa. Ɓangaren fita kuwa 'yan ohm kaɗan ne. Ukun da suka haɗu da juna, ɗaya ta tsakiya ce, irin 12-0-12 ɗin nan.

Yanzu ko na auna, ba na jona ta kai tsaye. Sai na ratsa ta cikin kwan fitila mai zare, wat 60. In ya haska sosai, na zare nan take: ko naɗin ya haɗe, ko ta Amurka ce mai 120, mu kuwa tamu 230 ce. In bai haska ba, sannan in juya mita zuwa AC in auna fitar.