Yadda Na Koyi Jera Furanni

Yara, yau zan ba ku labarin wani kuskure da na yi, da kuma yadda wata tsohuwa a ƙasar Japan ta gyara mini shi, ko da yake ita ba ta san na yi ba.

Aikina shi ne zaga makarantu, ina duba yadda malamai ke koyarwa. Cikin watan Oktoba na shekarar 2016 na sauka a wata makarantar ƙauye. Malamin aji huɗu ya ce wa yaransa kowa ya zo da furanni a ƙawata ajin, ni kuma in zaɓi wanda nasa ya fi kyau. Da gari ya waye sai ga su, kowa da abin da ya samo. Akwai wani itacen ado mai jan fure a bakin ofishin babban malami. Wasu yara uku suka far masa, suka tsige shi ƙaf, suka cika bokiti. Wata yarinya kuwa, 'yar siririya mai yawan shiru, abin da ta kawo duka bai wuce wani karkataccen reshen zogale ba, mai 'yan fararen furanni, da karan kyasuwa guda biyu. Ta zuba su cikin wata 'yar kwalba, ta ajiye a bakin taga.

Ni dai ido na bi. Na dubi bokiti, na ga ja jawur, na ce masu bokiti sun ci. Na dubi kwalba, na yi dariya, na ce, "Yarinya, ke ƙyuya ce ta hana ki tsinko da yawa?" Yara suka bushe da dariya. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, sai ta sunkuyar da kai. Kashegari, da zan tafi, na ga furannin bokiti sun yi yaushi, sun fara wari, itacen babban malami kuma ya zama ƙwal kamar kan da aka aske. Reshen zogale yana nan a bakin taga da ransa. Na gani, amma ban kula ba, na kama hanyata.

Bayan shekara biyu, a 2018, aka aika mu ƙasar Japan, mu malamai kaɗan, don mu ga yadda suke koyar da lissafi da kimiyya. Japan tsibirai ce, can gabas da ƙasar Sin. Wata ranar hutu aka kai mu birnin Kiyoto, wanda ya yi fiye da shekara 1000 yana zaman birnin sarkinsu. A can aka shigar da mu gidan wata tsohuwa mai koyar da jeren furanni. Su suna kiran wannan sana'a ikebana, wato raya furanni. Na yi mamaki ƙwarai da na ji wai har makarantu gare ta, mutum kuma yakan yi shekaru yana koyo. Na ce a raina, mene ne abin koyo cikin zuba fure a tukunya?

Muka tuɓe takalma, muka durƙusa bisa tabarma. Aka ajiye wa kowa wani kasko mai faɗi da ruwa a ciki, da almakashi, da damin rassa da furanni. Cikin kaskon akwai wani ɗan faifan darma mai nauyi, an kafa masa allurai tsaitsaye, suna kiransa kenzan. A kan alluran nan ake soka gindin reshe, ya tsaya yadda aka so shi. Kafin mu taɓa kome, sai tsohuwa ta zauna, ta ba mu tarihin abin, tafinta yana juya mana. Ga abin da na riƙe, da wanda na ƙara karantawa daga baya.

Tun zamanin dā mutane ke ƙawata wuri da furanni. Mutanen Masar sun zana tukwane cike da furen bado a jikin bangayen kaburburansu, bado ɗan'uwan wanda kuke gani cikin tafkunanmu. A shekarar 1922 wani Bature, Howard Carter, ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu fiye da shekara 3000 da suka wuce. Cikin kayan da aka tarar har da furanni da ganyen zaitun, an kitsa su, sun bushe amma ba su ruɓe ba.

A Japan kuwa abin ya faro ne daga wuraren ibada. Cikin ƙarni na 6 addinin Buda ya shigo musu daga ƙasar Sin ta hanyar Koriya, masu binsa kuwa sukan ajiye furanni a ɗakunan ibadarsu. A tsakiyar Kiyoto akwai wani ɗakin ibada mai kusurwa shida, ana ce da shi Rokkakudo. Na je na gan shi da idona. Masu tsaronsa suna zaune ne a wani ɗaki bakin kududdufi, don haka aka sa musu suna Ikenobo, wato ɗakin bakin kududdufi. Su ne suka fara shahara da gwanintar jera furanni. An rubuta cewa a shekarar 1462 wani daga cikinsu, Senkei, ya jera furanni cikin tukunyar zinariya, mutanen birni suka yi ta tururuwa don kallo. A 1542 wani magajinsa, Senno, ya rubuta ƙa'idodin sana'ar. Zuriyar gidan nan har yanzu suna koyarwa a nan inda kakanninsu suka zauna.

Jeren farko manya ne, masu tsawo, ana kiransu rikka. Akan tsayar da rassa bakwai, daga baya aka mai da su tara, cikin doguwar tukunyar tagulla. Kowane reshe da abin da yake nufi: wannan ƙololuwar dutse, wannan tudu, wannan ruwa mai gangarowa. Wato ƙasa guda ake ƙoƙarin sawa cikin tukunya ɗaya. A lokacin nan aikin maza ne, malaman addini da sarakuna da mayaƙa. Sannu a hankali aka sauƙaƙa shi, aka koma ga rassa uku: dogon shi ne sama, matsakaicin shi ne mutum, gajeren shi ne ƙasa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka shiga koya wa 'yan mata. A lokacin ne kuma wani gwani, Ohara Unshin, ya fito da jere cikin kasko mai faɗi, irin wanda aka ajiye a gabanmu, don ya dace da furannin da aka fara kawowa daga ƙasashen Turai. A 1927 wani kuma, Teshigahara Sofu, ya buɗe tasa makaranta mai suna Sogetsu. Shi ya koyar da cewa kowa na iya yin jeren nan, ko'ina yake, da duk abin da ya samu.

Da tsohuwa ta gama, sai ta ce kowa ya gwada. Ni kuwa na ga an ba ni kaya da yawa, na ce ba zan bar ko ɗaya ba. Na yi ta sokawa, na yi ta sokawa, har alluran suka ɓace, ruwan ma ba a ganinsa. Na ja da baya ina jiran yabo. Tsohuwa ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce wa tafinta ya tambaye ni, "Malam, ta ina iska za ta bi?" Na rasa amsa. Ta nemi izinina, sa'an nan ta fara zarewa ɗaya ɗaya. Ta zare, ta duba, ta sake zarewa. Ta ɗauki wani reshe da na jefar gefe don ya karkace, ta jujjuya shi a hannunta har ta ga fuskarsa, ta kafa shi ya zama dogon. Daga ƙarshe abin da ya rage rassa uku ne da furanni biyu. Abin mamaki, sai ga shi na ga kowane ganye, na ga inuwar reshe cikin ruwa. Dā kuwa ba abin da nake gani sai tari.

Ta ga jikina ya yi sanyi, sai ta ba ni wani labari da kowa ya sani a ƙasarsu. Akwai wani gwanin haɗa shayi, Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591. An ce ya shuka wani fure mai yaɗo a lambunsa, dangin duman kada, wanda ke buɗewa da sassafe. Labarin kyansa ya kai kunnen Hideyoshi, mayaƙin da ke mulkin ƙasar a lokacin, ya ce zai zo kallo. Da ya iso, sai ya tarar an tsinke furannin duka, lambu ba ko ɗaya. Ya shiga ɗakin shayi ransa a ɓace. Yana ɗaga kai sai ya ga guda ɗaya tak, wanda ya fi duka kyau, an sa shi cikin ruwa a lungun ɗaki. An ce nan take fushinsa ya kwanta. Tsohuwa ta ce, "Wanda aka nuna wa ɗari, ba ya ganin ko ɗaya."

Ina jin haka sai yarinyar nan ta faɗo mini a rai, da kwalbarta, da karkataccen reshenta, da karan kyasuwa biyu. Dogo, matsakaici, gajere. Ashe abin da na ƙetare teku na zo koyo, shi ne ta ajiye a gabana, na saka mata da dariya. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da gari ya waye na je na sayi kenzan guda ɗaya, na sa cikin jakata.

Da na komo gida, makarantar farko da na nufa ita ce tasu. Na tarar ta kai aji shida. Na tsaya gaban ajin, na ba su labarin nan duka, na ce ranar nan ita ce ta ci, ni ne ban iya gani ba. Na roƙe ta gafara, na miƙa mata kenzan. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Malam, ba kowa. Na ga reshen ya karkace da kansa, na ga ya fi kyau haka, shi ya sa ban miƙe shi ba." Babba ya nemi gafarar yaro ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ya san ya yi kuskure, ya yi shiru.

To, ga yadda ku ma za ku gwada. Ku fita da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, don a lokacin nan ganye ya ƙoshi da ruwa. Ku nemi izini kafin ku yanki na wani. Kada ku tsinke furen wake ko na kuɓewa, gama furen yau shi ne abincin gobe. Ku nisanci tumfafiya, farin ruwanta yana cutar ido. Gamba da kyasuwa da reshen zogale sun isa. Ku daɗe kuna dubawa kafin ku yanka, ku yanki kaɗan.

In kun dawo, ku tsoma gindin kowane kara cikin kwano, ku sake yanke shi a karkace, can cikin ruwa. Dalili kuwa, cikin kara akwai 'yan hanyoyi sirara da yake shan ruwa ta cikinsu. In iska ta shiga sai ta toshe su, fure ya yi yaushi ko da yana tsaye cikin ruwa. Ku cire duk ganyen da zai nutse, don kada ya ruɓe ya ɓata ruwan. In ba ku da kenzan, ku zuba tsakuwa cikin kasko, ko ku dunƙula yumɓu, ku kafa karan a ciki.

Ga kuma awon da aka koya mini. Ku haɗa faɗin kasko da zurfinsa. Dogon reshe ya yi wannan awo sau ɗaya da rabi. Na biyu ya yi kashi uku cikin huɗu na dogon, na uku kuma kashi uku cikin huɗu na na biyun. Misali, kasko mai faɗin santimita 28 da zurfin 4, an sami 32 ke nan. Dogon zai zama 48, na biyu 36, na uku 27. Ku lissafa da kanku, ku gani ko na yi daidai. In kun saba, za ku ajiye ma'auni, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kada ku jera su daidai wa daida kamar sojoji. Dogon ya ɗan karkata, na biyu ya miƙa gefe guda, gajeren ya leƙo gaba ta ɗaya gefen. Ku riƙa sake ruwa kullum safe.

Sa'ad da kuka ga kamar kun gama, ku ja da baya, ku zauna, ku duba. Sa'an nan ku yi wa kanku tambayar da tsohuwar nan ta yi mini. In iska ba ta da hanya, ku zare ɗaya. Ni yanzu ko a bisa allo zan yi rubutu, ko zan duba aikin yaro, sai na tsaya na yi wannan tambaya tukuna.