Kimiyyar Kwantam da Batun Ruhi: Ina Marubucinmu Zai Tsaya?

A 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta fara yawa a cikin rubuce-rubucen da matasanmu na ƙasar Daura suke kawo mana mu duba, tun daga na cikin gari har na Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure. Maganar kuwa ita ce wai kimiyyar zamani ta gano cewa duniyar nan da duk abin da ke cikinta hankali ne guda ɗaya, wai tunanin mutum shi ke haifar da abin da idonsa ke gani, kuma wai abin da masana fiziks suka gano a ɗakunan gwaji shi ne dai abin da waliyyai suka faɗa tun tale-tale. Wani ya sa maganar a bakin tauraron labarinsa, wani ya tsara ta a waƙa, wani kuma ya yi mata maƙala sukutum. In ka tambaya daga ina aka samo, sai a zaro wayar hannu a nuna maka.

Ba za mu ɓoye ba, mun ji daɗin ganin alƙalamin Hausa ya ɗaga kai sama. Tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, waɗanda suka bi sawunsa suka kai labarinsu sararin samaniya ba su taka kara sun karya ba. To amma jin daɗin bai hana mu damuwa ba, domin a ganinmu maganar nan ta cuci ɓangare biyu a lokaci guda: ta laƙa wa kimiyya abin da ba ta faɗa ba, sa'an nan ta ɗora ma'arifa a kan katangar da ba tata ba.

Bari mu fara da abin da masanan suka gani. Reshen fiziks da ake kira kwantam ya faro ne daga aikin Max Planck na Jamus a 1900, kuma abin da ya sa gaba shi ne halayyar abubuwa ƙanana ainun, wato ƙwayar zarra da abin da ke cikinta, irin su ilektiron. Gwajin da ya fi shahara shi ne na kafa biyu. Ana harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya zuwa ga wani shamaki mai 'yan kafofi biyu, a bayansa kuma akwai allo da ke nuna inda kowanne ya sauka. Hankali zai ba ka cewa za su taru wuri biyu, daidai saitin kafofin. Sai ga shi sun jeru layi-layi, kamar yadda igiyoyin ruwa biyu ke sarƙewa in an jefa tsakuwa biyu a tafki, alhali kuwa ɗaya-ɗaya aka aika su. Akira Tonomura da abokan aikinsa a Japan sun nuna haka ƙarara a 1989. Abin mamaki na biyu shi ne, da zarar an sa na'urar da za ta gane ta wace kafa ilektiron ya bi, sai layukan nan su ɓace.

Daga wannan gaɓa ce aka yi tuntuɓe. Masanan farko sun kira wannan mataki da kalmar da ke nufin "kallo", mai yin sa kuma "mai kallo". Wanda ya ji haka daga nesa sai ya ɗauka idon mutum ne ko niyyarsa ke juya ilektiron. Ba haka ba ne. Na'ura ce ke cuɗanya da shi, kuma sakamakon ɗaya ne ko akwai mutum a ɗakin ko kowa ya tafi cin abinci. Kai, ko ƙwayar iska ce ta yi karo da shi ta ɗauke labarin hanyar da ya bi, layukan za su ɓace. Duk wanda ya taɓa zura guga a rijiyar Kusugu ya san ruwan yana motsawa ne saboda gugan ya taɓa shi, ba ruwan ruwa da abin da ke zuciyar mai ja. Misalin bai cika ba, domin ruwa yana da inda yake tun kafin guga ya iso, shi kuwa ilektiron har yau masana na jayayya a kan ko yana da tsayayyen wuri kafin a auna shi. Amma a kan batun zuciyar mai ja, misalin ya yi.

Adalci ne mu faɗa cewa masu wannan magana ba da ka kawai suka ƙaga ta ba. Eugene Wigner, wanda ya ci kyautar Nobel, ya taɓa rubutawa a 1961 cewa mai yiwuwa hankalin mutum na da hannu a wannan mataki, sai dai daga baya shi da kansa ya janye. Erwin Schrödinger, ɗaya daga cikin iyayen wannan ilmi, ya kasance mai sha'awar falsafar Indiya, kuma ya karkata ga cewa hankali guda ne. Amma ya faɗi haka ne a matsayin ra'ayinsa, bai ce lissafinsa ne ya haifar da shi ba. Wanda ya kai maganar kasuwa shi ne Fritjof Capra da littafinsa na 1975, inda ya jera kalaman masana fiziks kusa da na masu addinan Gabas ya ce a duba kama. Mu marubuta mun fi kowa sanin cewa kama da wane ba ta wane. Abin da ke yawo yau a wayoyinmu jikan wancan littafi ne, an dai sauya masa riga da hula.

Haka kuma batun ƙwayoyi biyu da ke zama a ɗaure ko da an raba su da nisa, wanda aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta 2022 a kansa. Gaskiya ne, kuma abin al'ajabi ne. Sai dai lissafin da ya tabbatar da shi, shi ne kuma ya nuna ba za a iya aika saƙo ta wannan hanya ba. Saboda haka marubucin da ya ce da shi ne uwa a Daura take jin ciwon ɗanta da ke Ikko, ya yi wa masanan ƙage, ko da kuwa uwar ta ji ɗin.

To ɓangaren ruhi fa? A nan ne abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mu ba baƙi ba ne a wannan fage da har za mu jira wani ya buga mana hatimi. Muhawara a kan wahdatul wujudi, wadda ake jingina wa Ibn Arabi da ya rasu a 1240, ta shafe ɗaruruwan shekaru malamai na yin ta, wasu na karɓa da tawili, wasu na ƙi da hujja. A nan ƙasar Hausa, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu mai zurfi a kan samuwa da matakanta. Kuma duk wanda ya taɓa zama a da'irar zikiri ranar Juma'a da yamma ya ji ana zancen fana'i, wato bawa ya manta kansa a cikin ambaton Ubangijinsa. Mutanen nan ba su taɓa cewa abin nasu ana auna shi da sikeli ba. Cewa suka yi ɗanɗano ne, kuma sun gindaya masa sharuɗɗa na tarbiyya da shari'a. Bugu da ƙari, shi wannan "hankali guda" da ake tallatawa, in ka bi shi a tsanake, sau da yawa ba ya bambanta Mahalicci da abin halitta. Yaron da ya kwafo shi yana zaton ya kawo wa tauhidi gudummawa, bai san abin da ya shigo da shi gida ba.

Akwai darasi a husufin rana. Da yawanmu mun shaida na ranar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da inuwar wata ta ratso ta Gusau da Katsina da Maraɗi gari ya yi duhu da hantsi, mutane suka nufi masallatai. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da shekaru, kuma hakan bai rage wa sallar komai ba. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi husufi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, mutanen Madina suka ce saboda rasuwar ce. Ga hujja ta faɗo daga sama a ɓagas, wadda da wani ne da ya rungume. Shi kuwa ya tashi ya kore wannan fassara, ya umarce su da salla. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi cewa mai musun lissafin husufi da sunan kare addini ɓarna yake yi wa addinin, domin wanda ya san lissafin ba lissafin zai yi shakka ba. Mu a yau ciwon namu ta ɗaya gefen ya ɓullo, amma jijiyar ɗaya ce. Ko a wajen Kirista an ga irin haka: Georges Lemaître na Beljiyam, fada ne kuma masanin da ya kawo batun buɗaɗar sararin samaniya a 1927, bai ji daɗi ba sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya ɗauki binciken a matsayin shaidar halitta a 1951. Ya san kimiyya tana gyara kanta, kuma wanda ya ɗaure imaninsa a turkenta, ranar da aka cire turken sai ya bi dabbarsa da gudu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce kawai. A kasuwanni da bakin tasha akan ga masu wata 'yar na'ura da suka laƙaba wa sunan kwantam, a ba mutum ƙarfe ya riƙe, cikin minti biyu kwamfuta ta lissafa masa cututtukan hanta da ƙoda, sa'an nan a sayar masa da magani. Babu abin da ya haɗa wannan da ilmin Planck sai suna. Duk lokacin da muka rubuta "kimiyya ta tabbatar" a kan abin da ba ta tabbatar ba, mun ƙara wa mai wannan na'ura jari, domin jama'a na ganin abin da aka buga a takarda ya wuce shakka.

Ba muna cewa a rufe ƙofar ba ne. Tambayar yadda tsokar da ke cikin ƙoƙon kai take zama mai jin zafi da kewa da kunya tana nan a buɗe, masana ba su warware ta ba, kuma marubuci na da haƙƙin shiga da tunaninsa. A ƙagaggen labari ka gina duniyar da duwatsu ke tunani in ka so; Abubakar Imam bai nemi izinin kowa ba kafin ya aika Alhaji Imam neman ruwan Bagaja. Abin da muke roƙo shi ne a maƙala, ko a gabatarwar littafi, ka raba wa mai karatu abin da aka auna, da abin da ka yi imani da shi, da abin da ka ƙaga. In kana son fahimtar na farkon, ga malaman kimiyya nan a makarantun sakandarenmu da kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a Daura a 2019. Ka kai musu ziyara da littafin rubutunka, kamar yadda za ka je zauren malami in mas'alar ta fiƙihu ce.

Mu kam, da za a ba mu zaɓi, mun fi ƙaunar mu karanta labarin yarinyar da ta tsaya gindin famfon sola a wani ƙauye na Ɓaure tana tambayar yadda hasken rana ke ɗago ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Amsar tana komawa ne ga takardar da Albert Einstein ya rubuta a 1905, inda ya nuna haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na iya ture ilektiron guda daga mazauninsa. Wannan ita ce kwantam ɗin gaske, tana cika tulu kullum safiya a ƙasarmu, kuma har yanzu ba mu ga wanda ya kawo mana labarinta ba.